Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Malamai da Ɗalibanmu Masu Binciken Ƙirƙirarriyar Basira a Jami'o'in Saudiyya

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina miƙa wannan wasiƙa ga malamanmu farfesoshi da daktoci, da ƙannenmu masu karatun digiri na biyu da na uku, duk wanda ya tashi da Hausa a bakinsa kuma Allah ya kai shi ɗakunan binciken kwamfuta a Jami'ar Ummul Ƙura da ke Makka, ko Jami'ar Sarki Abdul'aziz a Jidda, ko KAUST a Thuwal, ko Jami'ar Sarki Fahad a Dahran, ko sauran jami'o'in wannan ƙasa mai albarka. Daga cikinku akwai 'ya'yan gidajen Hausawi da Fallata da Barnawi da aka haifa a nan, akwai kuma waɗanda tallafin karatu ya kawo daga Najeriya da Nijar da Sudan. Allah ya ƙara muku ilimi mai amfani.

Ni malamin makaranta ne da ya yi ritaya, haifaffen Makka, jikan mutanen da suka ratso Sudan da ƙafa don su sauke farali. Na rubuto ne da yawun dattawan da muke zama tare bayan sallar Isha'i, da iyayenmu mata da ba sa fita sai da dalili, da 'yan'uwanmu mazauna masu iƙama, wato takardar izinin zama, a Makka da Jidda da Madina, da kuma alhazan da nake yi wa tafinta a lokacin aikin Hajji. Su suka nemi a rubuta, kuma sun ce a rubuta da Hausa domin ku ji da harshen da aka rene ku da shi.

Kada wani ya ɗauka muna kukan a koma zamanin da. Mu ne muka yi sammako da koren fayil a hannu, muka biya masu rubuta ma'arudi, wato takardun koke ga hukuma, da ke zaune a bakin ofisoshi ƙarƙashin laima, muka yi layi a rana har azahar sannan aka ce mu dawo gobe. Yau mutum yana zaune a ɗakinsa ya sabunta takardunsa ta manhajar Absher, ya nemi ganin likita ta manhajar Sehhaty, ya samu izinin shiga Rauda ta manhajar Nusuk. Wannan ni'ima ce, muna kuma gode wa Allah da hukumomin da suka kawo ta. Gwamnati ba ta tsaya a nan ba. Ta kafa hukumar kula da bayanai da ƙirƙirarriyar basira, SDAIA, wadda muke kira Sadaya, a 2019, ta fitar da tsarin ƙasa na bayanai da ƙirƙirarriyar basira a Oktoban 2020, sannan a Satumban 2023 hukumar ta fitar da ƙa'idoji bakwai na ɗa'ar amfani da wannan fasaha, waɗanda adalci ke cikinsu, da mutunta ɗan Adam, da bayyana yadda na'ura ta kai ga hukuncinta, da sanin wanda zai ɗauki alhaki idan an yi kuskure. A Riyad kuma an kafa cibiyar ƙasa da ƙasa ta bincike kan wannan fasaha da ɗa'arta, ƙarƙashin inuwar UNESCO. To amma ƙa'idar da aka rubuta ba ta san fuskar kowa ba. Sai an je an gwada, an ƙirga, an ce ga inda tsari ya yi daidai ga inda ya kauce, kuma wannan aikinku ne. Kukanmu shi ne, duk tsawon shekarun nan da hidimomin gwamnati suka koma cikin waya, ba mu taɓa ganin ɗayanku ya shigo zaurukanmu da takardar tambayoyi ba, alhali muna jin labarin maƙalolinku a manyan taruka, muna kuma alfahari da su.

Abu na farko shi ne fuska. Akwai wata gwaggona da ta haura shekara tamanin, tana da zane a kumatunta irin na mutanen da, ga kuma yana ta fara rufe mata ido ɗaya. Wata rana wata manhaja ta nemi ta tabbatar da cewa ita ce, ta hanyar kallon kyamarar waya da bin umarnin da ke fitowa a rubuce. Jikarta ce ta riƙe wayar tana fassara mata, tana cewa Hajiya ɗago kai, Hajiya matso kaɗan. A cikin ɗaki aka ce haske bai isa ba. Aka kamo hannunta aka kai ta bakin ƙofa, nan ma aka ƙi. Daga ƙarshe sai da aka hau da ita saman soro da rana tsaka, aka zame mata mayafi, ta tsaya tana lumshe ido saboda zafin rana, maƙwabta na iya hango ta, kafin na'urar ta yarda cewa ita ce. Da aka sauko da ita ba ta yi wa kowa faɗa ba, tambaya ɗaya ta yi, ko laifi ta yi wa hukuma. Tsohuwar da ba ta taɓa fita tsakar gida babu lulluɓi ba, ita ce aka tsayar haka saboda hidimar da haƙƙinta ce.

Kun fi ni sanin cewa wannan matsala tana da asali a ilimi. A 2018 Joy Buolamwini, 'yar asalin Ghana da ke karatu a jami'ar MIT ta Amurka, da Timnit Gebru, haifaffiyar Habasha, sun gwada manhajojin kamfanoni uku masu rarrabe namiji da mace daga hoto. Kuskuren da aka samu a kan maza fararen fata bai wuce kashi 0.8 cikin ɗari ba, a kan mata baƙaƙe kuwa ya kai har kashi 34.7. A Disamban 2019 hukumar ma'aunai ta Amurka, NIST, ta gwada tsarin gane fuska 189 daga masu ƙira 99, ta gano cewa kuskuren ɗaukar mutum a matsayin wani ya fi yawa a fuskokin mutanen Yammaci da Gabashin Afirka da Gabashin Asiya, a wasu tsare-tsaren har ninki 10 zuwa 100, kuma yana ƙaruwa a kan mata da tsofaffi. Gwaggona ta haɗa duka ukun. Rahoton ya nuna cewa tsare-tsaren da suka fi inganci giɓinsu ƙarami ne, ya kuma nuna wasu da aka ƙera a China ba su da wannan rauni a kan fuskokin Gabashin Asiya, wato na'ura takan fi sanin irin fuskar da aka koya mata da ita. Abin da ya fi jan hankalina a aikin matan nan biyu shi ne ƙanƙantarsa. Hotuna 1,270 ne kawai na 'yan majalisun ƙasashe shida, uku na Afirka uku na Turai, amma cikin watanni manyan kamfanoni suka koma suka gyara kayansu. Aikin ɗaliba ne, kuma babu abin da ta mallaka na ilimi da ku ba ku da shi.

Basma, wato ɗaukar zanen yatsa, ma tana da nata. Hannun da ya shekara talatin yana aikin siminti, ko wanki, ko tura keken alhazai, zanen yatsunsa kan shafe, kuma fatar tsoho kan bushe ta ƙi kamawa. Wanda na'ura ta ƙi yatsansa ba a rubuta shi a ko'ina a matsayin wanda tsari ya gaza a kansa. Juyawa yake yi ya koma gida, kuma alƙaluman nasara su ci gaba da nuna cewa komai lafiya.

Abu na biyu, an gina hidimomin nan bisa zaton cewa kowane mutum yana da wayarsa, da layinsa da sunansa, yana kuma karanta Larabci ko Turanci. A gidajenmu sau da yawa waya ɗaya ce ke ɗaukar nauyin uwa da kaka da baƙon da ya zo Umara. Lambar sirri takan tafi wayar ɗan da ke wurin aiki a wani gari, kafin ya ga saƙon ya kira gida lokacinta ya ƙare. Wannan ya haifar da sabbin masu rubuta ma'arudi, samarin da ke cike wa mutane manhaja a shaguna ana biyansu. Da yawansu mutanen kirki ne, amma dai dattijo ya miƙa kalmar sirrinsa da lambar iƙamarsa da bayanan lafiyarsa ga wanda bai sani ba, domin ba shi da wata hanya. Duk binciken da ya auna sauƙin amfani da manhaja a kan ɗaliban jami'a masu shekara ashirin, bai auna komai game da waɗannan gidaje ba.

Abu na uku shi ne harshe, kuma a nan ne nake ganin sakacinku ya fi fitowa fili, domin babu wanda zai yi wannan aiki in ba ku ba. Ƙasar nan ta riga ta girmama Hausa. Cibiyar Sarki Fahad da ke Madina tana buga tarjamar Alƙur'ani ta marigayi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, kuma Hausa na cikin harsunan da ake fassara huɗubar Arfa da su kai tsaye. A Hajjin 2023 mutum fiye da miliyan 1.8 suka tsaya a Arfa, Najeriya kaɗai an ba ta kujeru 95,000, ban da na Nijar da Ghana da Kamaru da Chadi da Sudan, kuma burin ƙasa na 2030 shi ne a riƙa karɓar masu Umara miliyan 30 a shekara. Yanzu ana ƙara dogara da manhajojin fassara da na'urorin amsa tambaya wajen yi wa waɗannan baƙi jagora. Amma Hausar da na'urori suka koya mafi yawanta ta rubutattun labarai ce, ta siyasa da wasanni. Tsohuwar da ta zo daga ƙauyen Sakkwato ko Damagaram ba da wannan Hausa take bayyana ciwonta ba. Mutanen Mai Wurno da Gadarif na Sudan suna da tasu, mu kuma 'yan Makka muna cakuɗa Hausa da Larabcin Hijaz a jimla ɗaya ba tare da mun lura ba. Na taɓa tarar da wani ma'aikacin jinya a wani asibiti yana ƙoƙarin fahimtar wani alhaji ta manhajar fassara. Alhajin yana bayanin maganin da yake sha tun daga gida da lokacin da ya daina, abin da ke fitowa a wayar kuwa jimloli ne masu tsari da daɗin karantawa waɗanda ba su da alaƙa da maganarsa. Ma'aikacin ba shi da hanyar gane cewa an yi kuskure, domin na'urar ba ta nuna shakka ba. Fassarar da ta lalace a fili ta fi wannan sauƙin haɗari, saboda ita aƙalla takan sa a nemo mutum. A Hajjin 2024, lokacin da zafi ya haura digiri 51 a Makka, hukumomi sun sanar da rasuwar mutum 1,301. A irin wannan yanayi gargaɗin da bai isa kunnen mutum da harshen da yake ji ba, daidai yake da ba a yi shi ba.

Abu na huɗu ba a ganinsa da ido, shi ya sa na fi jin tsoronsa, wato tsare-tsaren da ke auna mutum su ba shi maki kafin ma'aikaci ya duba takardarsa. Abin da ya faru a wasu ƙasashe ya isa darasi. A Holan hukumar haraji ta zargi iyaye kimanin 26,000 da zambar kuɗin tallafin renon yara ba tare da haƙƙinsu ba, kuma mallakar takardar ƙasa biyu na cikin abubuwan da tsarin ke ɗauka alamar haɗari. An tilasta wa iyalai biyan kuɗin da ba su da shi, gidaje sun watse, har gwamnatin Mark Rutte ta yi murabus a Janairun 2021. A Birtaniya an dakatar da wani tsarin tantance masu neman biza a Agustan 2020, wanda ke raba mutane ja da rawaya da kore bisa la'akari da ƙasarsu, ta yadda ƙin ba 'yan wata ƙasa biza ke ƙara wa ƙasar baƙin maki, baƙin makin kuma ya ƙara jawo ƙin. Wanda ya fi kusa da halinmu shi ne binciken Ziad Obermeyer da abokan aikinsa na 2019 a kan wani tsarin da asibitocin Amurka ke amfani da shi wajen zaɓen marasa lafiyar da za a ba kulawa ta musamman. Ba a saka launin fata a lissafin ba ko kaɗan. Kuɗin da aka kashe wa mutum a baya aka ɗauka ma'aunin tsananin ciwonsa, kuma da yake ana kashe wa baƙaƙe kuɗi kaɗan, sai tsarin ya ɗauke su masu lafiya. Masu binciken sun nuna cewa da an gyara, rabon baƙaƙe cikin masu samun kulawar zai tashi daga kashi 17.7 zuwa 46.5.

Ku dubi wannan da idon gida. Dattijonmu ba ya zuwa asibiti sai ciwo ya kayar da shi, saboda inshora, ko rashin mai rakiya, ko kunyar rashin iya bayani. A cikin kundin bayanai mutum ne mai ƙoshin lafiya. Sunansa an rubuta shi iri uku, fasfo da haruffan boko, iƙama da na Larabci, takardar haihuwar ɗansa kuma da wani salo dabam. Ranar haihuwarsa 1 ga Rajab ce ko 1 ga Janairu, kamar dubban tsofaffin da aka yanka wa rana saboda ba a rubuta tasu ba, kuma a unguwa ɗaya ana iya samun Muhammad Abubakar Hausawi da yawa masu wannan rana. Tsarin da ke neman bayanan da suka saɓa wa juna zai ga wannan mutum a matsayin abin zargi, ko ya haɗa shi da wani. Cire ƙasa ko asali daga lissafi ba zai kare shi ba, tunda sunan dangi da unguwa da sana'a duk suna faɗin asalinsa. Kuma ku kuka koya mana cewa tun 2016 masana irin su Jon Kleinberg da Alexandra Chouldechova suka tabbatar da lissafi cewa ba a iya cika dukkan ma'aunan adalci a lokaci guda idan rukunan mutane suka bambanta. Dole a zaɓi wanda za a fifita, kuma wannan zaɓi ya wuce hurumin injiniya shi kaɗai. Yana buƙatar malaman fiƙihu, da masana doka, da mutanen da hukuncin zai faɗa a kansu, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na san akwai ƙulli a nan, kuma ba zan ɓoye shi ba. Ba a iya gane ko tsari yana cutar da baƙar fata sai an san wane ne baƙar fata a cikin waɗanda aka gwada, alhali dokar kare bayanan mutum da ta fara aiki a Satumban 2023 ta saka asali da bayanan lafiya da zanen yatsa da na fuska cikin bayanai masu tsananin kariya. Dokar ta yi daidai. Ban da haka, a cikinmu akwai waɗanda takardunsu suka samu tangarɗa, waɗanda ko sunansu aka tambaya sai gabansu ya faɗi. Bin dokar ƙasa wajibi ne a kan kowa, amma mai bincike ba jami'in jawazat, wato hukumar shige da fice, ba ne, kuma ranar da bayanin da wani ya bayar bisa amana ya zama sanadin wahalarsa, ƙofofin unguwannin nan za su rufe muku har abada. Warware wannan ƙulli shi kansa bincike ne da ya cancanci digiri na uku.

Saboda haka muna roƙonku, cikin girmamawa, ku nemi izinin kwamitocin ɗa'a na jami'o'inku ku gudanar da gwaji a kan hanyoyin tantance fuska da yatsa da irin wayoyin da talakawa ke riƙewa, a cikin irin hasken ɗakunanmu, kuma ku fitar da sakamakon a rarrabe bisa shekaru da jinsi da launin fata, ba dunƙulallen kashi ɗaya da ke ɓoye masu rauni ba. Ku ƙirga waɗanda suka gwada suka haƙura, domin su ne ba sa bayyana a rahoto. Muna roƙon ku tattara muryoyin Hausa na gaskiya, na tsofaffi da mata da marasa lafiya, na mutanen Hijaz da na Sudan da na alhazai, da yardar masu su bayan an yi musu bayani da baki, kuma ku haɗa hannu da 'yan'uwanku na HausaNLP da Masakhane, ƙungiyoyin masu koya wa na'ura Hausa da sauran harsunan Afirka, da suka riga suka yi nisa a wannan fage. Ku sa mata cikin masu zuwa, domin akwai ɗakunan da namiji ba zai shiga ba, kuma a can ne mafi yawan matsalar take.

Babban roƙonmu shi ne, a duk maƙalar da za ku rubuta da duk shawarar da za ku kai wa Sadaya ko cibiyar Riyad ko wata ma'aikata, ku dage a bar ƙofar ɗan Adam a buɗe. Wanda na'ura ta ƙi ya samu taga ko lambar waya da mutum zai amsa masa, a faɗa masa dalilin da ya sa aka ƙi, a nuna masa inda zai kai ƙorafi da tsawon lokacin da zai jira. A amince da wakilci a hukumance, ta yadda 'ya za ta iya yi wa mahaifiyarta hidima da sunan kanta ba tare da karɓar kalmar sirri ba. Manhajar fassara a asibiti kuwa a koya mata ta ce ba ta gane ba, ta nemi a kira tafinta. Idan kun kammala bincike, ku dawo mana da sakamakonsa cikin gajeren saƙon murya da Hausa, wanda za a iya turawa ta WhatsApp, domin mutanen da suka ba ku fuskokinsu da muryoyinsu su ji abin da aka gano.

Mu a namu ɓangaren mun ɗauki alkawarin gabatar da ku ga limamai da masu unguwanni, mu tara muku dattawa, mu samo masu tafinta daga cikin 'ya'yanmu ba tare da an biya ba. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan an gama aikin Hajji, sa'ad da mutane suka huta daga hidimar baƙi. Wanda ya shirya daga cikinku ya aiko mana ta hannun danginsa na Makka ko Jidda, saƙon zai iso.

Allah ya yi muku jagora, ya sa albarka a iliminku. Wassalamu alaikum.

Naku ɗan'uwa,
Malamin makaranta mai ritaya, a madadin dattawan unguwa, Makka.